Lambobi Ukun da Baba Yake Karɓa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yar lelenmu. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka can. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene shanya, duk da likita ya hana. Baba na nan da rediyonsa, kullum faɗa yake yi da batir, wai yanzu ba a yin na gaskiya. Auta ta ci jarrabawarta, sai ɗaga mana kai take yi.

Yaya, dalilin wannan doguwar wasiƙa shi ne wasan babur na waya da ka bar mini a wurin aiki. Ka san ni ba mai ƙorafi ba ne, amma wannan karon abin ya kai ni maƙura. Wata biyu ke nan da Oga ya ce mu koma sabon injin wasa, saboda sababbin wayoyi sun daina ɗaukar tsohon. Muna komawa, sikirif, wato rubutun da ke ba wasan umarni, ya daina ganin babur ɗin da ka rubuta da yaren kwamfuta na C++. Tabarau, wadda ke rubuta sikirif ɗin matakai, ta kira babur, allo ya ce bai san wani abu mai wannan suna ba. Matakai arba'in ta haɗa, ga tituna ga shaguna ga masu jiran saƙo, amma babu abin hawa. Inna ta ga na rame ta tambaye ni, sai na kwatanta mata da gidan abinci: mai girki yana ciki, mai kai faranti yana waje, tsakaninsu taga ce kawai, kuma abin da ba a rubuta a allo ba, ba mai iya nemansa ko da yana cikin tukunya. Na ce mata allon ne aka goge, ni aka sa in sake rubutawa. Ta ce to in rubuta mana, wannan ma har abin rama ne?

Da haka abin yake da sauƙi. Sabon injin so yake a yi wa kilas, wato ƙunshin ayyukan babur ɗin, rajista da hannu, kowane aiki da sunansa, da irin lambobin da yake karɓa, da abin da yake mayarwa. Na buɗe kod ɗinka don in fara, sai na tarar da danginmu gaba ɗaya a ciki. Yaya, don Allah me ya hau kanka? Mutane suna sa wa aiki suna birki ko gudu, kai ka sa kawu, goggo, auta. Ko layi ɗaya na bayani ba ka bari ba. Kawu ban sha wahala ba, na san birki ne, tunda shi tun daga nesa yake fara takawa kafin a ga kwana. Goggo oda ce, ko ba a taɓa ta ba tana ƙara. Auta mai shan mai. Har kaina na gani a ciki, kurma, wanda ke kashe sauti. Na yi dariya ni kaɗai, na kuma ji haushi. Guda goma sha takwas na yi wa rajista a haka, ina tuna halin mutum ina gane aikinsa. Babur ya fito a allo, Tabarau ta yi tsalle har ta ture fanka.

Saura guda, mai suna baba. Lambobi uku yake karɓa, ba ya mayar da komai. A da tsohon injin ne ke kiransa da kansa ta wata hanya da ka ƙulla, yanzu kuwa dole sikirif ya kira shi ya ba shi lambobin. In ba a kira shi ba, babur na zuwa kwana sai ya zame kamar an shafa wa titi sabulu. In na kira shi da lambobin da na ƙago, ko ya nutse cikin kwalta har wuyan direba, ko ya tashi sama ya bar gari. Na buɗe cikinsa, layi sittin na lissafi, haruffa zalla, a da b da k2. Ka san inda na tsaya a makaranta, ba mu kai wannan wurin ba. Na sayi littafi na musamman, kullum da safe kafin kowa ya zo ina canja lamba ɗaya, in hau, in rubuta abin da na gani. Shafi talatin na cika. Na lura ta tsakiya in ta wuce ɗaya tayar baya ce ke fara rawa, ta ƙarshe kuma kamar tana da alaƙa da nauyin kaya. Ta farko ta gagare ni. Da abin ya ishe ni na je na samu Baba da kansa, na tambaye shi wane aiki yake yi da zai karɓi abu uku bai mayar da komai ba. Ya rage rediyo ya dube ni, ya ce ko in je in ga likitan Inna. Inna kuwa daga ɗaki ta ce ai halinsa ke nan tun da ta san shi.

Oga ya ɗauki wani sabo, muna ce masa Injiniya, takardunsa sun kai cika jaka. Ran nan ya tsaya a bayana yana karanta allona, ya yi dariya ya ce wannan ba kod ba ne, taron dangi ne. Ya faɗa wa Oga a zubar da naka duka, a sayi babur shiryayye a kasuwar injin, shi zai ɗaura shi cikin kwana uku. Amma na san in aka zubar da naka an zubar da ni, don shi kaɗai na iya, kuma kujerar bakin tagar da ka bar mini shi za a ba. Teburin gyaran waya zan koma, inda ka ɗauko ni.

Shekaranjiya Oga ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya tambaye ni kai tsaye ko na san abin da baba ke yi, don ranar Litinin zai yanke shawara. Yaya, na ce masa na sani. Shekara uku ina aiki da mutumin nan ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko a kan makara. Ya dafa kafaɗata ya ce dama ya san ba zan ba shi kunya ba, ya ɗage maganar Injiniya zuwa Litinin. Tun daga ranar abinci ba ya mini daɗi.

Sau bakwai na turo maka saƙo. Kana karantawa, ina gani. Sau biyu ka ce za ka duba, sau ɗaya ka turo hoton babban yatsa. Na san aiki ya yi maka yawa, ban kuma ce ka dawo ko ka rubuta mini kod ba. Abin da lambobin ukun nan suke nufi nake so, da wadda ke gaba da wadda ke baya. Layi uku sun isa, sauran ni zan ƙarasa.

Inna da Baba suna gaishe ka, Kawu da Goggo ma haka, ban dai faɗa musu aikin da ka ba su ba. Auta ta ce a sumbaci 'yar lele. Anti, ina gaishe ki da kyau, na san ke za ki fara karantawa, don ta wayarki na turo da gangan. Ki taimaka ki zaunar da shi, kada ya tashi sai ya ba ni amsa. Ni dai na riga na yanke: in Lahadi ta wuce ban ji komai ba, Litinin da safe zan riga Injiniya shiga wurin Oga, in faɗa masa da bakina cewa ƙarya na yi.

Naka ƙane,
Kurma