Na Ɓoye Ranar Aikin Ƙanena Don Tsoron Daminar Indiya

Hajiya Asabe, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Sati uku ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina wanda ko maigidana ban faɗa wa ba.

Ni nas ce a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, ina aure a Gyadi-Gyadi. Mu uku mahaifiyarmu ta bari, Allah Ya jiƙan ta. Akwai Yaya Tanko da ke ƙauye yana riƙe da gonar gado, sai ni, sai autanmu Nura. Ni na jawo Nura birni, ni na tsaya har ya samu adaidaita sahu yana jigila daga Unguwa Uku zuwa kasuwa. Shekararsa ashirin da tara, da matarsa da 'yarsu guda. Mutum ne mai surutun tsiya, fasinja kan sauka yana dariya ko da an yi rigimar canji. Bara ƙodojinsa suka tsaya. Yanzu sau biyu a sati ake yi masa wankin ƙoda, har muka dawo da shi ɗakin zauren gidanmu saboda mun fi kusa da asibiti.

Likitocinsa suka ce sai dashen ƙoda, kuma saboda wata matsala da ke jininsa gara a yi a waje. Aka gwada ni, hawan jini ya hana. Aka gwada Yaya Tanko, ya dace. Dangi da 'yan ƙungiyar su Nura ta masu adaidaita suka yi iya ƙoƙarinsu wajen haɗa kuɗi, aka samu asibiti a wani gari na Indiya da ake kira Chennai. Duk saƙonninsu ta wayata suke shigowa, domin ni kaɗai ce mai karanta Turanci a cikinmu.

To, akwai wani maƙwabcinmu, Malam Bashir mai shagon magani, da ya kai matarsa Indiya a watan Yuli shekara biyu da suka wuce. Da ya ji zancen tafiyarmu sai ya zaunar da ni. Ya ce daminar can ba irin tamu ba ce da za a yi awa guda a ɗauke, rana ta fito. Kwana tara ya yi bai ga rana ba, kayansa na cikin akwati suka yi funfuna, tituna suka koma kogi, ga sauro. An yi wa matarsa aiki lafiya, zazzaɓi ya kama ta bayan an sallame su, a can ya binne ta ya dawo shi kaɗai da jakarta. Ban ma tambaye shi wane gari suka je ba, ni dai a ganina Indiya Indiya ce. Tun ranar ko hadari na ga ya haɗo sai gabana ya faɗi.

Ga kuma Yaya Tanko. Da na je ƙauye na same shi a gona, ya jingine fartanya ya ce mini, "Ƙodata ta Nura ce, ko yau ake so. Amma ki bar ni in yanke dawata, in san abin da na bar wa yara a rumbu idan ban dawo ba." Bai taɓa hawa jirgi ba, ko allura gudunta yake yi. 

Ana haka saƙo ya shigo cewa mu taho tsakiyar Agusta. Hajiya, na karanta na kife wayar. Na ce wa kowa asibitin ya ba mu Nuwamba. A lissafina, lokacin an gama ruwa, sanyi ya fara shigowa, amfanin gona ya shiga gida, kowa ya tafi da kwanciyar hankali. Na rubuta wa asibitin cewa muna nan muna shiri.

Yanzu jikin Nura ya juya. Jijiyar hannun da ake yi masa wankin ta toshe, an koma ta wuya. Sau biyu zazzaɓi yana kayar da shi a watan nan. Ƙafafunsa sun kumbura, silifas ɗin maigidana yake sawa. Ni nas ce, na san ma'anar abin da nake gani, wannan ne ya fi ci mini rai. Shekaranjiya ina goge masa jiki ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ki sake roƙonsu mana ko za su matso da ranar. Nuwamba ta yi mini nisa." Na ce masa to.

Hajiya, wane lokaci ne ya fi dacewa mutum ya je ƙasar nan? Idan na kai su cikin ruwa aka rasa ɗaya, ko duka biyun, ina zan sa kaina? Idan kuma na jira, ina tsoron abin da bakina ba ya iya faɗa.

Yayar mara lafiya, Gyadi-Gyadi.

*

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji tausayinki ƙwarai. Amma lokacin lallashi ya yi ƙaranci, don haka ki yi haƙuri da ni.

Bari in fara da tambayar da kika yi. Indiya ta ninka Najeriya fiye da sau uku. Ke da kanki kin san daminar Kano daban, ta Fatakwal daban. Gaskiya ne a yawancin ƙasar ruwa kan sauka daga Yuni zuwa Satumba, kuma mai zuwa yawon buɗe ido ko sarin atamfa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Ina kyautata zaton irin waɗancan garuruwan Malam Bashir ya je. Amma Chennai tana gabar kudu maso gabas, kuma babbar daminarta tana kankama ne a Oktoba, ta kai har Disamba. Ni na yi jinyar yayata a can wata Nuwamba, na ga ruwa har gwiwa a titin masaukinmu. Watan da kika zaɓa don gudun ruwa, shi ne tsakiyar ruwansu. Kin auna musu damina da ranar yankan dawar ƙauyenku.

Ko da ma lissafinki ya yi daidai, Nura ba yawon buɗe ido za shi ba. Tsoronki yana da tushe, domin wanda aka yi wa dashe ba ya jure ciwo, kuma sauro da ruwan datti abin gudu ne. Sai dai waɗannan ana yi musu dabara. Ku nemi masauki a bene kusa da asibitin, ku tafi da gidan sauro, ku dafa ruwan sha, ki tambayi likitocin can sauran. Abin da ke faruwa a wuyan Nura kuwa ba ya jiran yanayi. Yau ɗin nan ki kai wa likitansa na nan ainihin saƙon asibitin, shi zai ce ko jikin zai ɗauki tafiya. Ki tuna kuma ko kun isa, tantance zumuncin Tanko da Nura da gwaje-gwaje kan ci makonni kafin a shiga aiki.

Shi kuma Tanko, kada ki ga laifinsa. Mutumin da ya ce "idan ban dawo ba" tsoro yake ji, dawa ce kawai abin da ya iya kamawa. Ki koma ki faɗa masa gaskiya, ki kai shi likita ya yi masa bayanin aikin da Hausa. Batun gona kuwa, gayya ba ta mutu a ƙauyukanmu ba. A sami mai unguwa da liman su yi shela, a tsayar da wanda zai kai dawar rumbu tun kafin Tanko ya bar gida. Idan bayan haka ya ce ba zai iya ba, jikinsa ne, ba a tilasta masa. Amma ya yanke hukunci a kan ranar gaskiya, ba wadda kika ƙirƙira ba.

Ba zan yi miki alkawarin Nura zai tashi ba, wannan na Allah ne. Wataƙila ma sati ukun nan sun riga sun ci wani abu da ba zai dawo ba, kuma za ki rayu da sanin haka. Za su yi fushi da ke, ki jure. Ƙanenki ya roƙe ki ki nemo masa rana mafi kusa, alhali tana cikin wayarki. Ki ajiye jaridar nan, ki shiga ɗakin zauren, ki karanta masa saƙon da Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Allah Ya ba Nura lafiya, Ya saka wa Tanko da alheri, Ya kai ku Ya dawo da ku ku uku.

Hajiya Asabe.