Ƙwayoyi Ba Su San Obon Ba

Litinin, 5 ga Agusta
Zafin birnin Kobe, nan Japan, kamar cikin tukunyar shinkafa. Kuramochi, ɗalibata mai neman digirin dokta, wata uku ke nan tana lallashin ƙwayoyin halittar fata su rikiɗe su zama na zuciya. Idan sun buga kamar zuciya, ta gama a Maris, ta kama aikin da ke jiranta a Sendai. Idan sun mutu, sai baɗi.

Alhamis, 8 ga Agusta
Na tambaye ta yaushe za ta garinsu Tottori don Obon, bikin da ake cewa ruhin matattu na kawo ziyara gida, sannan a raka su. Obon na farko ne tun da ciwon zuciya ya ɗauke mahaifinta. Zai ziyarci gida, kuma ita ce 'yar fari, mai kunna masa wuta a ƙofa. Ta ce, "Malam, ƙwayoyi ba su san Obon ba." Maganata ce. Na ma liƙa doka a jikin akwatin ɗumin da muke renon ƙwayoyin a cikin kwanuka: kowa ya ciyar da nasa, hannu biyu ba sa shiga kwano ɗaya. Ashe ana haddace ni.

Juma'a, 9 ga Agusta
Na ba matata Fumie labari muna cin abinci. Ta ce, "Maigida, ka cinye littattafan duniya, fuskar yarinya ɗaya ta gagare ka? Ka ciyar mata da ƙwayoyin mana. Ko hannun ya koma na buga hatimi kawai?"

Litinin, 12 ga Agusta
Na umarci Kuramochi ta tafi. Ta sunkuya, ta sake sunkuyawa, sannan: "Malam... yaushe rabonka da riƙe bututun ciyar da ƙwayoyi?" Na ce tun ba a yaye ki ba nake wannan aiki. Ta ce, "Ai abin da ke damuna ke nan."

Talata, 13 ga Agusta
Tabarau na ta zamewa. Na dai canza musu ruwan abinci.

Alhamis, 15 ga Agusta
Kwano ɗaya ya yi fumfuna. Na zubar. Na ba sauran biyar haƙuri da babbar murya. Sa'a kowa ya tafi garinsu.

Juma'a, 16 ga Agusta
Sun buga! Ɗan tabo a gefen kwano na huɗu, yana motsi a hankali kamar tsoho na hawa bene. Na daɗe a kan madubin ƙara girma. Na tura mata bidiyo ban rubuta komai ba. Ta amsa: "Na nuna wa Baba kafin mu raka shi."

Litinin, 19 ga Agusta
Ta dawo da kwalin alawa. Ta ƙirga kwanuka, biyar maimakon shida, ta dube ni, ta miƙo min alawar da hannu biyu. Yarinyar na da tarbiyya.

Takardar dokar ta faɗo daga jikin akwatin. Laima ce, salatif ba ya riƙo a wannan zafi. Ban ga wani salatif ba. Ban dai buɗe aljihun teburin da muke ajiye shi ba.