Baba Ya Yi Wa Faifan Naushina Kushin

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki buga sunana. Ko da yake ban ma rubuta shi ba. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagawa, wannan ta huɗun na ce sai na aiko ta ko da shirme ce.

Shekarata goma sha uku, bana na shiga aji ɗaya na sakandare. Ni irin yaran nan ce da in malami ya kira sunansu sai na kusa da su ya taya su amsawa. A gida yayata Rediyo Ba Batir take ce mini. To ni ɗin nan ce na shiga damben zamani. Na san za ki yi dariya, ki yi abinki, kowa ma ya yi.

Ba da niyya na shiga ba. Aikena aka yi in kai wa malamar motsa jiki rajistar aji a ɗakin wasanni, sai na tarar tana dukan wata 'yar jakar fata mai kama da ƙaramar gwanda, a rataye ƙarƙashin wani faifan katako da aka kafe a bango. In ta buga, jakar ta daki katakon ta gaba, ta dawo ta daki ta baya, ta sake komawa, sai wani sauti yake fita, taka-ta taka-ta, kamar keken ɗinki. Na tsaya da rajista a hannu har aka kaɗa ƙararrawa. Ba dukan mutane nake so ba, Anti, ni ko sauro sai na yi shawara kafin in mare shi. Wannan sautin kawai nake so ya fito daga hannuna.

Matsalar ita ce faifan ɗaya ne a makaranta, mu kuma mu goma sha tara ne. In layi ya zo kaina, ido talatin da shida suna bayana, sai hannuwana su zama kamar na aro. Ranar farko na kai naushi na sami iska, jakar ita kuma ta sami hancina. Tun daga ranar, da layi ya kusa kaina sai igiyar takalmina ta kwance, in durƙusa ina ɗaurawa har a wuce ni. Malama ta ce za ta zaɓi mutum takwas da za su ci gaba, sauran sai baɗi, kuma abin da za ta duba shi ne wadda za ta riƙe bugun jakar minti ɗaya ba tsayawa. Yanzu saura mako uku. Ni mafi yawan da na taɓa jerawa bugu huɗu ne, na huɗun ma ina jin jakar ce ta tausaya mini.

Shi ya sa na ce bari in koya a gida inda ba mai kallo. Na cusa tsummokara a safa na rataye a ƙarƙashin gadon sama, inda yayata take kwanciya. Ta kama ni, ta kuma ba da labari muna cikin cin abinci, har da kwaikwayon yadda nake murtuke fuska. Baba bai yi dariya ba. Shi kujerun kushin yake yi da fuskar gado, ba shi da yawan magana, a wajensa na gado. Ya tambaye ni yadda abin makarantar yake. Ni kuma, ina kallon cokalina, na ce katako ne zagaye a sama, jaka a ƙasa. Iyakar bayanin da na yi ke nan.

Bayan kwana huɗu na dawo daga makaranta na tarar da shi a lungun bayan kicin, inda muke ajiye bokitai. Anti, ban taɓa mallakar abu mai kyau haka ba. Katako marar nauyi ya sa, wai kada ya faɗo mini a ka. Ya manna soso mai kaurin yatsa huɗu a ƙarƙashinsa, wai kada in kuskure in daki katako in ji ciwo. Ya lulluɓe shi da yadi mai laushi ruwan hoda, ya ja masa maɓallai bakwai, ya zagaye bakin da igiya ruwan zinariya. Ya kafe shi can sama, wai ai ina kan girma. Jakar ta gaske ya sayo, ya rataye ta da ƙugiyar labule. Babban yatsansa a naɗe yake da filasta. Ya tsaya yana goge hannu a wando yana kallona, ni kuma na ce masa ya yi kyau ƙwarai, na gode.

In na daki jakar sai ta tashi ta nutse cikin soso, ta yi zamanta kamar baƙuwar da aka ba kujera mai laushi, sannan ta sauko lokacin da ta ga dama. Ba ta dawowa, ba sauti ko kaɗan. Baba kuwa shirun ne ma yake burge shi. Na ji shi yana gaya wa maƙwabcinmu tela cewa 'yarsa tana atisaye kullum amma ko ƙwas ba za ka ji ba. Da yake faifan yana can sama, sai na kifa bokiti na hau nake kaiwa, sau biyu ina faɗowa. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan kullum da yamma ina hawa bokiti ina dukan jakar da ba ta ramawa. In ya tambaye ni yaya aikin, sai in ce ana samun ci gaba.

Goggona, ƙanwar Baba, ta yi mini alkawarin kyauta tun da na ci jarrabawar shiga sakandare. Na rubuta mata gaskiya ta wayar Mama, don rubutu ya fi mini sauƙi. Ta je shagon kayan wasanni ta turo hotuna uku, ta ce in zaɓa kafin Asabar. Akwai wanda ake maƙalawa a saman ƙofa, akwai mai tsayawa da ƙafafun ƙarfe, akwai kuma na bango mai katako mai kauri wanda ake ɗaga shi a sauke shi. Ni na ƙofar nake so, don zan iya cire shi in tura ƙarƙashin gado kafin Baba ya taso daga shago, da yamma kuma in hau bokitina ya gani. Mama ta ce ba ruwanta, tsakanina da ubana. Yayata ta ce ni ce 'yar dambe ta farko mai atisaye biyu, na gaske da na ganin ido.

Anti, wanne zan zaɓa? Na ƙofar yana aiki kuwa? Ina so in shiga cikin takwas ɗin nan fiye da yadda bakina zai iya faɗa, amma in na tuna yatsan nan mai filasta sai in ji gara in tsufa a kan bokiti.

Taki,
Mai Dukan Soso

'Yata,

Na yi dariyar da kika ba ni izini, sannan na kai tambayarki wurin wata mai koyar da dambe da na sani, don ni ko filo ban taɓa nausa ba. Ta ce aikin faifan nan ɗaya ne, ya maido da jaka. Saboda haka sai ya zama mai tauri, mai nauyi, kuma ba ya motsi. Katako mai ƙarfi, kaurinsa inci ɗaya da rabi zuwa biyu, faɗinsa kamar ƙafa biyu, fuskarsa sumul ba a manna mata komai ba, a ɗaure shi a bango da manyan noti. Tsayinsa kuma, inda cikin jakar ya fi faɗi ya yi daidai da bakinki kina tsaye a ƙasa. Daga yau ki sauka daga bokitin nan, kafin ki je ranar zaɓe da karaya.

Na ƙofa yana girgiza, girgizar kuma tana shanye ƙarfin bugu, kusan soson kika sake saya. Mai ƙafafu yana cin wuri, kuma sai an danne shi da buhunan yashi. In saye za a yi, na bango ne.

Amma ban ga dalilin saye ba tukuna. Kina da gaskiya, Baba zai ji ba daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ki duba, da jimla ɗaya kika sallame shi, ya cike sauran da abin da ya iya da kuma tsoron kada ki ji ciwo. Rabin soson nan ke kika manna shi da shirunki. Mai sana'a ya saba a dawo masa da aiki a ce a rage nan, a ƙara can, ya yi ɗan tsaki ya ɗauko tef ɗin awo. Abin da zai daɗe yana yi masa ciwo shi ne ya tsinci na shago a ƙarƙashin gadonki. Kuma zai tsinta, don abin da aka ƙera domin ya yi ƙara ba ya ɓoyuwa a gidan da yayarki take.

Tunda rubutu ya fi miki sauƙi, rubuta masa. Layi huɗu sun isa. Ki ce kin gano jakar katako tsirara take buƙata, kin ji kunyar faɗa, kuma kina roƙonsa ya zo makaranta ya ga na can. Ki nemi izinin Malama tun gobe. Da ya ƙwanƙwasa katakon da hannunsa ya auna, zai fi mu duka gane abin da ake so. Goggo ta sayo ƙugiya mai juyawa ta asali da bandejin naɗe hannu, waɗannan ba a yin su a shagon kushin. In lokaci ya ƙure masa, a sayo na bangon a fili, shi ya kafe shi.

Sai ki sani, katako mai kyau ba zai rufe idanun 'yan ajinku ba. Ki fara a hankali, ki buga, ki bar jakar ta daki katako sau uku, ki sake bugawa. Baba ya zauna ya riƙe miki agogo. In kin saba da shi, ki kira yayarki, don wadda ta jure kallonta ba abin da 'yan aji za su yi mata. A makaranta kuma ki riƙa shiga layi, ko bugu biyu ne.

Ba zan ce lalle za ki shiga cikin takwas ba, mako uku kaɗan ne. Amma takardar nan ki rubuta ta yau, ki miƙa masa da hannunki, ki tsaya a wurin har ya gama karantawa, ko da ƙasa kike kallo. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa hannun Baba lafiya, ya ba ki sa'a ranar zaɓe.

Antinki