Kada a Kafe Babur ɗin Alhaji Garba a Kan Siminti

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Babura ta cikin birni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran shugabannin ƙungiya, ina ƙara yi mana ta'aziyyar Alhaji Garba Mai Babur na Sheshe, wanda Allah ya yi wa rasuwa wata biyu da suka wuce, yana dab da shekara casa'in. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ko da yake mu da muka san shi mun san hutu ba ya cikin abubuwan da yake so.

Sunana Isa Tela, a Madabo nake. Sau uku ina zuwa ofishinku ana ce mini kana taro, gwiwata kuma ba ta shiri da benen naku, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta. Ni ba ɗan ƙungiyarku ba ne, ko fulogi ban taɓa sayarwa ba. Tsere ne ya haɗa ni da marigayi.

Tun muna da ƙarfi a jika, duk Lahadi bayan la'asar mukan fita wani fili a bayan ganuwa, wanda yanzu gidaje suka cinye, mu jera babura daga gindin wata tsamiya zuwa wata kuka. Alhaji zai tuɓe babbar riga ya ninke ya ba mai goro ajiya, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya haye jan babur ɗinsa da muke kira Barkono. Shekara da shekaru ina bayansa ina shan hayaƙi. Sau ɗaya tak na riga shi isa kukar, shi ma akuya ce ta gitta masa, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an yi wannan tseren ba. Da ya haura saba'in 'ya'yansa suka ɓoye makulli, sai ya haɗa wayoyin wuta ya tashi babur ɗin, aka hango shi a fili gemu na kaɗawa. Sai da likita ya haɗa shi da Allah sannan ya haƙura.

Halinsa a shago kuwa ka fi ni sani. Ba ya miƙa wa mutum makullin sabon babur sai mai sayen ya goya shi sun zaga Sheshe, sun ɓulla Madabo, sun biyo ta Zaitawa sun dawo. Wanda ya danna wa tsohuwa hon, ko ya sha kwanar masallaci bai sassauta ba, zai ji an dafa kafaɗarsa an ce, “Tsaya nan, malam. Je ka ka ƙara koyo, babur ɗin ba inda za shi.” Mutumin da ba mai kamo shi a fili, a lungu ko mai keke na wuce shi. Kai ma, ɗana, sau biyu ya dafa kafaɗarka kafin ya sayar maka. Ba don tozarci na faɗa ba, ni da muke cin tuwo kwano ɗaya ma bai ƙyale ni ba.

Kafin in shiga ƙorafi, na gode muku. Rumfunan zaman makoki ku kuka kafa, abincin baƙi ku kuka ɗauka, kai da kanka na gan ka kana shimfiɗa tabarma. Allah ya saka da alheri. Amma akwai magana uku.

Na farko, aro kuka yi. Ranar addu'ar arba'in kun roƙi Nasiru, babban ɗan marigayi, ya ba ku Barkono ku ajiye a gaban taro mutane su gani. Wuni ɗaya aka ce, a gabana aka yi maganar. Yau mako uku ke nan babur yana ofishinku. Nasiru ya kasa buɗe baki saboda nauyin ɗawainiyar da kuka yi wa gidansu, in an yi masa zancen sai ya sosa ƙeya ya ce a bari a ga. Ni na wuce shekarun wannan kunyar.

Na biyu, fenti. Zuwana na ƙarshe na leƙa ɗakin ƙasa na ga an mayar da shi kore, wai kalar ƙungiya. Na yi dariya har mai gadinku ya zaci wani abu ya same ni. Wannan da sauƙi. Abin da ya sosa mini rai shi ne lotsawar gefen tanki da kuka cike kuka shafe. Ta samo asali ne ranar da wani ɗan garuwa ya faɗo masa daga wani soro a Zaitawa, Alhaji ya zaɓi katanga ya bar mutumin da garewaninsa, ko ɗigo bai zube ba. Ya yi wata guda hannu a ɗaure. Mutumin da ke da masu gyara a ƙofar shagonsa ya ƙi a taɓa wurin, yana nuna wa duk wanda ya zo saye. Wani mai fenti ya goge shi a wuni ɗaya, kuma na san yabonsa aka yi.

Na uku shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Mai waldar da kuka kira maƙwabcina ne. Ya gaya mini Asabar mai zuwa za a tsiyaye wa babur ɗin mai, a ɗora shi kan ginshiƙin simintin da kuka gina a ƙofar ofis, a liƙe tayoyinsa da ƙarfe, a kafa allo da sunan marigayi. Na san girmamawa kuke nufi. To amma Alhaji, ko bayan da ya daina hawa, kullum da hantsi sai an fito masa da Barkono ƙofar shago an tashe shi. Ya zauna a benci ya karkata kai yana sauraron injin kamar mai jin labarai a rediyo, ya ce a ɗan ƙara wuta, ya ce ya isa. Yana yawan cewa zama ya fi hanya kashe babur. Wanda ya shafe rayuwarsa yana faɗin haka shi za ku karrama da babur ɗin da ba zai sake tashi ba? In aka yi waldar nan, an gama, damina biyu ta ishi injin ya zama gidan ƙadangaru.

Don haka ina roƙon abu biyu. A dakatar da mai walda, a mayar da babur ɗin shagon Sheshe kafin Juma'a. Koren fentin na yafe, Nasiru ya san inda ake sayar da ja. Ginshiƙin kuma ba asara ba ne, ku ɗora allon a kai. In kuna son abin tunawa da ya fi wannan, ku sa 'yan ƙungiyarku su riƙa hawa bayan mai saye su zaga da shi kafin su ba shi makulli. Tsofaffin unguwannin nan za su yi muku addu'ar da ba ku zata ba.

Na bar babban dalilina zuwa ƙarshe saboda ya fi mini nauyi a baki. Hajiya Yalwa, matar marigayi, tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina. Ginshiƙinku ba za ta gan shi ba. Amma katangar ɗakinta ita ce katangar bayan shago, kuma bayan rasuwar Nasiru ya ci gaba da tashin babur ɗin kowace safiya, ita tana ji daga kan sallayarta. Matata ta je gaishe ta shekaranjiya, ta dawo idonta jawur. Hajiya ta ce mata ranar da aka fita da Alhaji ba ta ji gidan ya yi shiru ba, sai ranar da aka fita da babur. Saura mata wata biyu da 'yan kwanaki a ɗakin nan. Don Allah, ɗana, kada ta ƙarasa su cikin wannan shirun.

Allah ya yi maka jagora a shugabancinka, ya yi wa kasuwarku albarka, ya tsare ku da duk wanda ya hau abin da kuka sayar masa. Allah ya gafarta wa Alhaji Garba, ya ba Hajiya haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Wassalam.

Naka,
Malam Isa Tela,
Madabo, cikin birnin Kano.