Ƙirjin Wa Ke Cikin Hoto na Huɗu?

Zuwa ga Mudir, shugaban asibitin kuɗin da ke ɗaukar wa leburori hoton ƙirji a nan Sabha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ban ambaci sunan asibitinka ba don ba tozarta ka nake nema ba. Idan ka karanta za ka gane da kai nake.

Sunana Salisu Habu, mutumin Tawa. Shekara shida ina dafa wa ma'aikata abinci a wata gona a Samnu. Yau mako bakwai ke nan an hana ni taɓa tukunya, wai hoton da aka ɗauke ni a wurinka ya nuna tabo a huhu. Sau uku ina zuwa ƙofarka, sau uku magatakardanka yana tare ni. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya, yadda aka ɗauke mu. Mu tara aka kwaso a bayan mota don sabunta takardar lafiya. Magatakarda ya bi benci ya rubuta sunayenmu yadda muka zauna, ya koma ciki. Ni ne na huɗu. Na biyar Baba Alasan ne, dattijon da ke kula da ban-ruwa, wanda a shekaru ya haife ni. Da mai hoto ya leƙo ya ɗaga yatsu huɗu, sai na yi abin da aka koya mini a gida, na ja baya na ce Baba ya shiga. A wurinmu ba a tsallake mai furfura a wuce. Ba wanda ya tambaye shi sunansa, ni ma da na shiga ba wanda ya tambayi nawa. Tsaya, ja numfashi, fita. Ko akuya mutum zai saya yana duba ta fiye da haka.

Na biyu, abin da aka ba ni. Ban ga takarda ba, ban ga faifan kwamfuta da ake sa hoton a ciki ba. Mai hotonka ya ɗaga wayarsa ya ɗauki fuskar kwamfuta, ya tura wa wakilin gona, shi kuma ya turo mini. Har hasken tagar ɗakin yana kwance a kan huhun, ga rabin babban yatsan wani a gefe. Idan na buɗa hoton da yatsu don ya girma, sai ya dagargaje kamar dambu. Alhali a bakin ƙofarka akwai ƙaton allo mai cewa kun kawo sabuwar na'ura da ke nuna ko tsagar ƙashi mai sirantar gashi. Na kuma ga da idona ana miƙa wa 'yan ƙasa faifai a cikin ambulan. To ina wannan kyau yake tafiya idan baƙi ne a kan benci?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ina saurayi bijimi ya tunkuye ni, haƙarƙarina biyu na dama suka karye, suka warke da ƙulli wanda hannu ke ji har gobe. Na kai wayata wurin wani likita ɗan ƙasarku mai jin Hausar kasuwa. Ya lalubi ƙullin, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce irin wannan ba ya ɓuya a hoto mai kyau, amma a wannan ba zai rantse yana nan ko ba ya nan ba. Ya bayyana mini cewa asalin hoton da ke cikin kwamfutarku ya ninka wannan kyau nesa ba kusa ba, ana iya girmama shi a bi ƙashi ɗaya-ɗaya, kuma duk turawar da aka yi daga waya zuwa waya rage shi ake yi. Abin da ya zube a hanya, in ji shi, babu dabarar da ke dawo da shi.

Na faɗa wa magatakardanka haka. Sai ya karɓi wayata ya yi ta danne-danne, wai zai gyara mini hoton ya fito tas. Ya fito kuwa, baƙi ya ƙara baƙi, tabon ya ƙara girma, haƙarƙarin suka yi santsi kamar an goge su. Ya miƙo mini yana murmushi yana jiran godiya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na huɗu, amsoshinku. Zuwan farko an ce mai kwamfuta ba ya nan. Na biyu an ce asalin hoto na likita ne kaɗai. Na uku an ce ai an goge shi. Abu ɗaya, amsa uku. Ina zargin an san ba yau aka fara cakuɗa mutanen benci ba, kuma hoto mai dishi-dishi yana rufa wa kowa asiri, tunda ba mai iya kama shi da ƙarya. Idan zato na yi muku, Allah ya yafe mini, amma buɗe kwamfutar ya fi sauƙi a kan korata.

Za ka ce in je wani wuri in sake hoto. Zan sake. Sai dai sabon hoto halin ƙirjina kawai zai faɗa, ba zai faɗi mai tabon da ke cikin na huɗu ba. Ni ba na tari. Baba Alasan yana tari tun sanyin bara, yana cewa takin zamani ne ke shaƙe shi. Shi aka ba takarda mai cewa lafiyarsa lau, yana nuna wa mutane ita da murna. Da an gama yankan dabino zai koma gida gaba ɗaya, ya kwana ɗaki guda da jikokinsa. Kullum muna gaisawa, amma na kasa faɗa masa. Da wane ido zan dubi dattijo in ce ciwon da aka liƙa mini nasa ne, hujjata kuwa hoton da ko likita ya kasa karantawa?

Ga roƙona. A fito da asalin hoto na huɗu da na biyar, likita ya duba haƙarƙarin dama a gabana. Idan da gaske an goge, a kira mu mu biyu a sake, a ce na'ura ce ta yi kuskure, don kada dattijon ya tsorata ya ƙi zuwa. A daina ɗaukar fuskar kwamfuta da waya, a ba kowa nasa a faifai. A kuma riƙa tambayar mutum sunansa kafin a ce ya ja numfashi.

Idan ƙullin ya fito a hoto mai tabo, na karɓa, in nemi magani, in zo har ofishinka in ba ka haƙuri. Idan bai fito ba, dabino ya riga ya fara nuna, kuma Baba ya fara ɗaure kaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare zuri'arka daga ciwon da ba a gani ba sai ya yi nisa.

Wassalam.

Salisu Habu,
mai dafa abinci, Samnu.