Kwamfutar Hafsa ta ƙi tashi

Zuwa ga jikana kuma maigidana, Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fatan kana cin abinci, don a hoton da ka aiko duk ka rame. Mu nan Inkil lafiya lau, sai gwiwata da ba mai tambayarta.

Kuɗin da ka aiko wa ƙanwarka Hafsa na gyaran kwamfutarta sun ƙare, ita kuwa tana nan yadda take. Sau uku ana ɗaukarta a keke zuwa cikin gari, an naɗe ta a sabon mayafina. Mai gyara ya canja batiri, ya canja caja, kullum ta dawo ta yi haske kaɗan ta mutu. Daga baya ya ce wai zafi ke damunta, sai aka ɗauke fankar ɗakina aka kunna mata! Ni da na goya ubanku ina fifita da murfin kwano. Har ƙawayen Hafsa na jami'a daga Gubi sun zo dubiya, ni ko "sannu Hajiya" da ƙyar.

Amma tun da kwamfutar ta mutu, Hafsa tana zama kusa da ni, tana tsefe mini kai, ina ba ta labarin iyayenku tana dariya. Rabona da haka tun shigarta jami'a.

Ka gaishe da abokan zamanka. Ka yi addu'a abar nan ta tashi, aikin gama karatunta yana ciki. Ni ma ina cewa amin, amma a hankali.

Kakarka,
Hajiya Yalwa