Mijina Kansila Ne, Jikarmu Ta Daina Leƙa Taga

Anti mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni tela ce, mijina kansila ne, muna riƙon jikarmu 'yar shekara takwas tun da uwarta ta koma karatu. Kakanta yana kiran ta Ciyaman, don ita kaɗai ke iya ƙwace masa waya yana tsakiyar maganar siyasa, ya bi ta da dariya. Kullum tana gindin kekena tana tsintar ƙyallaye, wai ita ma tana da kwastomomi.

Kwanakin baya aka kama wani mai yi wa yara darasin yamma a layinmu, ana zarginsa da lalata da yara. Jikarmu na cikin waɗanda suka yi magana. Ina mata kitso ta faɗa min, kanta a cinyata, murya ƙasa-ƙasa. Na daure na ƙarasa kitson, don kada ta zaci ita ce ta yi laifi.

Yanzu kotu ta ba da belinsa, da sharaɗin kada ya yi wa yaran magana. To Anti, gidansa na kallon namu! Gaskiya ba ya magana, amma da an tashi daga makaranta sai ya fito da kujera bakin ƙofarsa. Yarinyar da a da ba ta zama wuri ɗaya, yanzu ko labule ba ta ɗagawa.

Abin da ya fi ci min rai, wanda ya tsaya masa babba ne a jam'iyyar mijina. Mijin nan nawa da ya nemi ƙuri'a da alkawarin kare yara, yanzu sai ya ce a bar kotu ta yi aikinta. Ba mugu ba ne. Shi ke raka jikar tamu makaranta ta ƙofar baya, na kuma taɓa ganinsa a mota yana share hawaye. Iyaye za su yi taro, sun ce in tashi in yi magana. In na yi, na kunyata shi a bainar jama'a. In na yi shiru, da wane ido zan kalli jikata?

Kakar Ciyaman

'Yar'uwa,

Sannu da ƙoƙari. Kin yarda da yarinyar, ba ki firgita ta ba, wannan shi ne babban magani, kuma kin riga kin ba ta.

Beli ba wanke mutum ba ne, haƙƙi ne na wanda ba a yanke wa hukunci ba. Amma ana iya neman a sauya sharuɗɗansa. Ku haɗa kai da sauran iyayen ku je wurin mai gabatar da ƙara, ku faɗa masa zaman kujerar nan, ku nemi ya roƙi kotu ta nisanta mutumin da layin da makarantar har a gama shari'a. Kada kowa ya tare shi ko ya ɗauki doka a hannunsa, yin haka zai ɓata ƙarar.

Maigidanki yana da gaskiya ta ɓangare ɗaya, kansila ba ya ba alƙali umarni. Sai dai yana da bakin da zai tambayi ofishin kula da yara me ya sa ba su leƙo iyalan nan ba, yana kuma da kujerar da zai kawo batun a zaman majalisarsu. Wannan aikinsa ne, ko da ba jikarsa a ciki. Ki same shi ku biyu kafin taron, cikin lallashi, ki ce kin fi son a ji muryarsa a kan taki. Mutumin da ke kuka a ɓoye tsoro ne ya riƙe shi, zuciyarsa na tare da ku. In ya ƙi, ki tashi ki yi magana kan sharaɗin belin kawai, ba sunan yaro, ba gori.

Ki kai yarinyar wurin ƙwararriya mai sauraron yara, ki sanar da uwarta komai. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙarfafa wa kakanta gwiwa, ke kuma ya saka miki da alheri.

Antinku